Na Gyara Abin da Bai Lalace Ba

Assalamu alaikum Hajiya Asibi. Don Allah ki taimake ni, na yi ɓarna da hannuna, kuma da kyakkyawar niyya na yi ta, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ni bakanike ne a Apo, nan Abuja, shekara ashirin da shida ina kwance ƙarƙashin motocin mutane. Boko kuwa a aji biyu na sakandare muka rabu, ba faɗa, kowa ya kama gabansa. In kin ga rubutun ya karkace, hannun sufana ne.

Ina da 'ya, bari in kira ta Maimunat, shekararta ashirin. Bara ta yi hatsari a hanyar Wuse, hannunta na dama ya karye wuri biyu. Da aka cire filasta, yatsun suka ƙi jin magana, ko cokali sai ya suɓuce. Yarinyar da burinta karatun zanen gine-gine. Likita ya ce a riƙa motsa su kullum, sai ƙawarta Treasure ta kawo mata wani gem da ake haɗawa da talabijin.

Mutum ne a kan katako mai 'yan tayoyi huɗu, yana sulu a titi, yana tsalle yana sauka. Wai mutum uku kacal suka haɗa shi, ba wani babban kamfani ba, kuma da gani ba su da tausayi. Rimot ɗin yana da 'yan sanduna biyu kamar giyar mota, ɗaya ƙafar hagu, ɗaya ƙafar dama. Ka ɗan kuskure, mutumin ya kife. Maimunat kan karanta mini abin da masu buga shi suke rubutawa a intanet. Wasu zagi suke, wai sun zo hutawa an ba su aikin ƙarfi. Wani ya ce ya jefa rimot ɗinsa ta taga. Wasu kuma sun ce ranar da suka fara sauka lafiya sai da suka yi hawaye. Masu shi dai sun ce ba za su sauƙaƙa ba.

Ni garin da ke ciki ne ya kama ni. Babu kowa a cikinsa, Hajiya. Kullum la'asar ce, ranar ba ta faɗuwa, ƙarar tayoyin kamar yayyafi a kan kwano. In na taso aiki sai in zauna bayanta da kofin shayi. Har ta kai in ina ƙarƙashin mota da tsakar rana, sai in gan ni a kan katakon nan, da tumbina da hulata, na gangaro daga Apo. Babu hon, babu cunkoso, babu mai tsayar da ni ya ce oga ina takardu. Duwatsu suna wucewa a hankali, iska ta cika rigata, ina tafiya har Bwari. Sai baƙin mai ya ɗigo mini a goshi in dawo.

A cikin gem ɗin akwai wata matakala mai hawa goma sha biyu da Maimunat ta yi wata uku tana faɗuwa a kanta. Yatsun kam suna dawowa, ta fara ɗaura ɗankwali da kanta, ta koma zane. Amma ni abin da nake gani kawai, 'yata tana faɗuwa sau ɗari a yini. Wata Lahadi da ta fita, na ɗauki rimot na taɓa sandar dama, na ji tana lilo. Duk bakaniken da ya ji sitiyari yana lilo haka ya san da matsala. Na ɗauko sukundireba na buɗe, na yanko gwangwanin madara na cusa, na ɗan shafa giris, na ɗaure tam. Na mayar ina jin kaina kamar injiniyan jirgin sama.

Tun ranar, ko tsallen da take yi ido rufe ya gagare ta. Kwana uku tana gwadawa, a na huɗu ta naɗe wayoyin ta sa a kwali. Ta gaya wa mamanta wai hannun ne ya koma mutuwa. Ta daina zane. Fom ɗin makarantar da za a rufe ƙarshen watan nan yana kan firij ba ta cike ba. Sai ta zauna tana kallon yatsunta.

Ni ne mai ba da dariya a gidan, amma wannan ta fi ƙarfin bakina. Ina tsoron in na faɗa ta hana ni kujerar nan ta bayanta. Na yi tunanin in sayo sabon rimot in musanya ba ta sani ba. Me kika gani?

Naki,
Injiniyan Gwangwanin Madara, Apo

AMSA

Wa'alaikumus salam Injiniya. Na yi dariya, daga baya na sake karanta wasiƙar.

Ba mugunta ka yi ba. Uba ne ya gaji da ganin 'yarsa tana faɗuwa, ya tashi da kayan aikin da ya iya. Tsoronka ma na gane shi, domin zaman nan naku na la'asar ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka duba ɓangarenta. Lilon da ka ji, wurin motsin yatsunta ne. Faɗuwar kuma ita ce maganin, kai da kanka ka ga ɗankwalin. Yanzu tana zargin hannun da bai yi laifi ba, kuma kowace rana ka yi shiru, fom ɗin yana ƙara kusantar kwandon shara.

Kada ka musanya a ɓoye. In ka yi haka, za ta ɗauka hannun ya mutu ya farfaɗo da kansa, kuma zai iya sake mutuwa ranar jarrabawa. Ba za ta ƙara yarda da shi ba.

Yau ɗin nan, ka buɗe rimot ɗin a gabanta, ka ciro gwangwanin, ka sa mata a tafin hannun daman. Ka gaya mata ranar da ka yi da dalilinka, ka nemi afuwarta. Ka riƙe barkwancin tukuna, sai ita ta fara dariya. In ta yi fushi, ka bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Sannan ku je tare ta zaɓi sabo, ku biya wajen likita ya duba hannun don ta ji daga bakinsa, ku cike fom kafin mako ya fita.

In ƙura ta lafa, ka roƙe ta ta koya maka. Ka hau katakon nan da kake mafarki, ka faɗi sau ɗari a gabanta, ta zauna a bayanka da shayi.

Allah ya ƙara wa Maimunat lafiya, ya sauko da ita matakalar nan lafiya, ya bar muku la'asar ɗinku. Sukundireba kuma a bar shi a Apo.

Hajiya Asibi