Mai Shan Jinin Gidanmu

Litinin, 3 ga Maris
Na tsinci wani littafi a kan kujerar falo, na jikata ne. A bangon, wani saurayi fari fat kamar gawa, haƙoransa biyu a waje, jini a leɓe. Wai labarin masu shan jini, kuma wai soyayya suke yi! Ni da na koyar da adabi har gashina ya yi fari, a gidana ake karanta wannan shara. Na cilla shi saman kabad.

Laraba, 5 ga Maris
Ta nema. Na ce ban gani ba. Ta ce, "Kaka, in kana ƙarya hancinka buɗewa yake."

Alhamis, 6 ga Maris
Na yi mata faɗa sosai. Na ce yarinya mai sikila, wadda ake yi wa ƙarin jini kusan duk wata, me ya haɗa ta da wannan ƙazanta? Ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Su ma sai da jinin wasu suke rayuwa. Amma ba wanda yake ce musu sannu. Tsoronsu ake ji."
Shekarunta goma sha biyar. Ni kuwa tun da aka haife ta, ban san wata kalma da nake gaishe ta da ita ba sai sannu.

Lahadi, 9 ga Maris
Ciwon ya tashi. Ihun da ta yi a bayan mota, ban san yana cikin wannan ɗan jiki ba.

Litinin, 10 ga Maris
Jininta ya yi ƙasa ƙwarai, irin nata kuma babu a ajiye. Uwarta ta bayar kwanan nan, ba za a sake ɗiba ba. Na naɗe hannun riga na miƙa. Nas ta duba shekaruna da ƙwayoyin da nake sha, ta ce, "Baba, yi haƙuri, naka ba zai yiwu ba." Haka kawai. Ma'aikatar ilimi ma abin da ta ce mini ke nan, da wasu kalmomi. Ashe har jinin mutum yana yin ritaya.

Talata, 11 ga Maris
An samu leda ɗaya daga wani asibitin. Ban san na wane ne ba. Na zauna ina kallonsa yana ɗiga, ja mai duhu, yana shiga hannun da bai fi sanda kauri ba. Na daɗe ina cewa mutane ba su da amfani. To ga na wani nan.
Da ta buɗe ido, abin da ta fara cewa: "Yana saman kabad. Na gani tun ran Laraba, tsawona ne bai kai ba."

Laraba, 12 ga Maris
Na kawo mata littafin. Idonta bai iya karatu, sai ni. Jimlolin kamar an zubo su daga kwando. Na tsaya gyara wata, ta ce, "Kaka, ba aji muke ba." Akwai wurin da yarinyar labarin ta hana saurayin ba ta haƙuri don halittarsa. Na karanta shi da sauri.

Asabar, 15 ga Maris
Ta ce wani ya lanƙwasa shafi gaba da inda muka tsaya. Na ce nas ce.

Litinin, 17 ga Maris
An sallame mu. Ta tsaya a gindin matakalar bene tana haki, uwarta na ta jera mata sannu. Kalmar ta zo bakina, na haɗiye. Na ce, "Hau mana, mai shan jini. Kin shanye na mutane, yanzu kuma goyo kike jira?" Uwarta ta zaro ido. Ita kuwa ta yage mini haƙora, ta kama ƙarfen ta hau da kanta.
Littafin dai shara ne. Wai akwai na biyu. Gobe dama ina da hanya ta wajen kantin.