Garin Jan Sanda

Litinin, 4 ga Maris, 2024
Matan Zumunta na cocinmu sun zo duba Baba. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye da ƙyar yake haɗa magana, amma Mama Jummy na tambayar labarin yayana Jesse sai bakinsa ya buɗe: "Yana Amurka, Baton Rouge. Faransanci ne. Jan sanda." Shekara talatin yana koyar da Faransanci, abin da ya rage masa ke nan. Ni da na rufe shagon ɗinkina a Bolari na dawo ina jinyarsa, ko sannu.

Alhamis, 7 ga Maris
Yau Fasto Elias ne ya sha labarin. Wai Faransawa sun tarar da wani jan sanda a kafe a bakin kogi, iyakar farauta tsakanin ƙabilu biyu. Wai har yanzu mutanen garin suna yi masa laƙabi da Red Stick a Turance. Duk wannan Baba ya riƙe. Da safe kuwa Lois ya kira ni, sunan marigayiya Mama.

Lahadi, 10 ga Maris
Ban je coci ba. Bayana na ciwo.

Laraba, 20 ga Maris
Jesse ya kira. "Millicent, yaya Baba?" Na ce ya zo ya gani mana, shekara shida rabonsa da gida. Na kashe wayar.

Lahadi, 31 ga Maris, Ista
Ya sake kira, wannan karon na bar shi ya yi magana. Ashe takardun zamansa a can sun daɗe da ƙarewa, in ya fito ba komawa. Aikin ofis ɗin da Baba ke alfahari da shi ma babu. A gidan tsofaffi yake, yana yi musu wanka, yana canza musu zanen gado. Iyayen wasu! Na gaya masa haka. Sai ya ce, "Kada ki gaya wa Baba."
Ban yi masa alkawari ba.

Talata, 2 ga Afrilu
Baba ya zame mini a banɗaki, na kasa ɗaga shi. Ni na kira Jesse, don dai babu kowa a gida. Na jingina wayar a jikin bokiti. "Durƙusa. Sa hannunki ƙarƙashin hammatarsa. Da gwiwa za ki tashi, ba da baya ba." Sau ɗaya muka miƙe.
Baba ya ji muryarsa, ya tambaye shi ofis. Na riga Jesse amsawa, na ce ofis lafiya lau.