Rasuwar Gwaggo Mai Fatalwa da Roƙonmu ga Iyayen Yara

Cikin alhini, da zuciyar da har yanzu ta kasa kwanciya, Ƙungiyar Marubuta Littattafan Yara ta samu labarin rasuwar uwarmu, malamarmu, shugabar kwamitin amintattunmu, tsohuwar babbar jami'ar jinya, fitacciyar marubuciyar tatsuniyoyi da labaran fatalwa, wadda yara da manya suka fi sani da Gwaggo Mai Fatalwa, wadda Allah ya yi wa cikawa a gidan babbar 'yarta bayan gajeriyar jinya. A madadin mai girma shugaban ƙungiya, da dattawanta, da ɗaukacin 'ya'yanta, muna miƙa ta'aziyya ga 'ya'yan marigayiya da jikokinta, da ƙanwarta da suka fito ciki ɗaya, da dukan yaran da suka taso da littattafanta a ƙarƙashin matashin kai.

Marigayiya ba a kan teburin rubutu ta fara ba. Ta fara ne a ɗakin kwantar da yara na asibiti, inda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya. A can ta lura cewa yaron da aka kwantar ba allura ya fi tsoro ba. Abin da ke hana shi sakat shi ne labulen da ke motsi ba a taɓa shi ba, da famfon banɗaki mai ɗiga, da gadon kusa da shi wanda jiya yake da mai shi, yau an shimfiɗa masa sabon zani. Sauran ma'aikata sukan ce wa yaran babu komai, su yi shiru. Ita kuwa sai ta jawo kujera ta ce musu akwai, fatalwa ce, amma ta wani tsohon tela ce da ya ɓatar da almakashinsa, yake dube-dube a bayan labule. Kafin a gama raba magani, yaran da ke kuka sun koma gardamar inda almakashin ya faɗi. Daga wannan kujera littattafanta suka fito: fatalwar da ke tsoron kyanwa, fatalwar direban bas mai jiran ɗalibin da ya makara, da tarin tatsuniyoyin da ta bi tsofaffi gida gida ta karɓo daga bakinsu.

Aikin nata bai tafi lami lafiya ba. Akwai lokacin da wasu shugabannin makarantu suka kwashe littattafanta daga ɗakunan karatunsu, wasu iyaye kuma suka kai kuka cewa tana firgita musu 'ya'ya. Ba ta mayar da martani a jarida ba, sai ta ɗauki jakarta ta tafi taron iyayen da kanta, ta tsaya a bayan aji har aka ba ta dama, ta ce: "Ni ban kawo wa 'ya'yanku tsoro ba, a ɗakinsu na same shi. Suna kawai na sa masa, na nuna masa ƙofar fita." Wasu sun gamsu, wasu ba su gamsu ba har yau, kuma ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba.

Duk wanda ya yi aiki da ita ya san Gwaggo ba ta iya zama ba. A tarukanmu, kujerar da muke ware mata jakarta ce ke zama a kai, ita tana kai da komo tsakanin taga da ƙofa, tana gyara wa ƙananan marubuta jimla a tsaye. Da likita ya umarce ta da hutu, babbar 'yarta ta ɓoye mata takalma, amma da Gwaggo ta ji labarin wani tsoho makaho da aka ce ya san ƙarshen wata tatsuniya da ta ji rabinta tun tana yarinya, sai ta zura silifas ɗin jikanta ta nufi tasha. Ta tarar shi ma ya manta ƙarshen. Ta gaya wa 'yarta, tana dariya, cewa sai suka zauna su biyu suka ƙirƙiro nasu. A hanyar dawowa ruwa ya doke ta, zazzaɓi ya biyo baya, daga nan ba ta sake tashi ba. Mun ji cewa 'yar tata na zargin kanta da sakaci, don haka muna shaida mata a bainar jama'a cewa mu ma mun gwada tsare mahaifiyarta shekara da shekaru, babu wanda ya iya. Allah ya ba ta hutun da ta hana kanta a duniya.

Sai dai ya zama dole ƙungiya ta yi magana a kan wani al'amari da ya hana iyalan marigayiya yin zaman makoki cikin natsuwa. Tun bayan jana'iza jita-jita ta bazu a makarantu cewa an ga Gwaggo a tagar ɗakin karatu na yara, an kuma gan ta tana hawa matakalar asibiti. Wani hoto dishi-dishi da ake cewa nata ne na yawo a wayoyi. Yara na taruwa a ƙofar gidan 'yarta bayan an tashi daga makaranta, suna leƙe ta katanga, wasu manya ma na buga wa iyalan waya suna tambayar ko gaskiya ne. Muna sanar da jama'a cewa wadda aka gani ƙanwar marigayiya ce, tsohuwar malamar ɗinki, wadda Allah ya yi su da kama ɗaya, har tafiya da murya. Ta je ɗakin karatu ne don mayar da makullin da ke hannun yayarta, ta kuma je asibiti saboda yaran da ke kwance suna ta tambayar mai ba su labari, wadda ko bayan ritaya ba ta daina zuwa wurinsu ba, ma'aikata kuma sun kasa gaya musu. Da ta shiga, yaran da suka riga suka ji labarin rasuwar a bakin iyayensu suka fashe da kuka, wani ya shige ƙarƙashin gado, ita kuwa ta juya ta koma gida. Tun daga ranar ba ta sake taka ƙofar gida ba. Da wakilanmu suka je gaishe ta, abin da ta ce musu shi ne: "Yaya ta tafi ta bar ni da fuskarta, ga shi ko kasuwa na kasa zuwa."

Saboda haka muna roƙon iyaye da malamai, don girman Allah, su zaunar da yaransu su gaya musu gaskiya a fili: Gwaggo ta rasu, an binne ta, ba za ta dawo ba. Muna roƙon masu yaɗa hoton nan su goge shi. Wanda kuma ya haɗu da ƙanwar marigayiya a hanya, kada ya kauce, kada ya ɗaga waya don ɗaukar hotonta. Ya tsaya ya gaishe ta, ya sa ɗansa ya kama hannunta ya ji ɗuminsa, su yi mata ta'aziyya, domin mace ce mai rai da ta rasa yayarta, kuma har yanzu ba a bar ta ta yi kukanta ba.

Allah ya jiƙan marigayiya, ya gafarta mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta, ya ba 'ya'yanta da jikokinta da ƙanwarta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya kuma kwantar da hankalin yaranmu.

Sa hannu:
Ɗan Autan Gwaggo,
Kakaki kuma Sakataren Watsa Labarai,
Ƙungiyar Marubuta Littattafan Yara.