Ɓuntun Rahina

Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025
Icce ya ƙare kuma. Masu sarowa sun daina shiga dajin Gwashi, sun ce ransu ya fi. Tukwanen gumin shinkafata uku, ɗaya kawai na ɗora yau. Rahina kuwa hayaƙinta na tashi tun hantsi. Rahinar da ta zo gidan nan koyon aiki ba ta san lokacin da shinkafa ke fashe baki a tukunya ba, ni na koya mata.

Juma'a, 7 ga Nuwamba
Ashe ba icce take ƙonawa ba. Ɓuntun shinkafar da mai inji ke zubarwa take kwasowa. Maƙeri ya yi mata murhu, ya sa raga a cikin duro, tururi kaɗai ke dafa shinkafar. Gumin ragwaye ke nan.

Laraba, 12 ga Nuwamba
Hure, babbar mai aikina, ta koma wurinta. Wai idonta ya gaji da hayaƙi, wai can su biyu ke fidda abin da mu biyar muke kwana biyu a kai. Na ce ta tafi, kada ta dawo.

Alhamis, 20 ga Nuwamba
Ban yi aiki ba. Ban son ganin kowa.

Asabar, 29 ga Nuwamba
Alhaji Sanusi, da ya yi shekara da shekaru yana sayen shinkafata a kasuwar Gummi, ya damƙi tawa, ya damƙi ta Rahina. “Zulai, taki ta karye da yawa, ga ƙonewar gindin tukunya.” A gaban mutane. Ita tana tsaye, ta sunkuyar da kai kamar mai kunya. Munafuka.
Da na dawo na yi wa matan aiki faɗa, na ce su ƙara himma. Habsu ta ce, “Inna, hannunmu bai rage komai ba. Tukunyar ce.” Na yi kamar ban ji ba.

Lahadi, 14 ga Disamba
Na bi ta wurin mai inji, hanya ce kawai ta kai ni. Rahina ta tarar da ni ina cika buhu da ɓuntu. Ba ta yi dariya ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Yaya Zulai, a shanya shi tukuna, ɗanye ba ya kamawa.”
Na ɗauki buhuna na wuce.
Ɓuntun yana can bayan ɗaki a rana, inda ba a hangowa daga gidanta.