Ina Koyon Kwanciya, Takwara Yana Koyon Tafiya

Asabar, 3 ga Mayu

Yau babban ɗana, Likita, ya zo da wani ɗan littafi mai sheƙi ya ajiye mini a cinya. Wai ni da matata, Tsohuwa, za mu tafi hutu wani ƙaramin tsibiri a ƙarshen watan nan, ya riga ya gama komai. Na sa yatsa na karanta shafin farko da kaina, ba wanda ya taya ni. Allah ya saka wa malaminmu na ajin yamma da ya ce mana karatu ba ya tsufa. Ruwa shuɗi kamar an zuba bula. Yashi fari fat. Itatuwan kwakwa sun sunkuya kamar masu gaisuwa.

Na ce, "To me za mu je yi?" Ya ce, "Ba komai, Baba. Shi ake zuwa yi."

Allah ya yi mini biyu: ga jika an sa masa sunana, ga tsibiri. Na gaya wa Mai Faci, na gaya wa Tela, na gaya wa mai kawo mana ruwa. Shi mai ruwan bai ma tambaya ba.

Litinin, 5 ga Mayu

Ɗakin da za mu kwana a kan teku yake, bisa turakun katako. Na kai hoton bakin taga na duba da kyau. Ni kafinta ne tun ban yi gemu ba, na san katako da ruwan gishiri ba sa zumunci. Na sa aka kira mini yarinyar ofishin tafiye-tafiye. Na ce, "'Yata, da wane irin icce aka yi turakun nan?" Ta ce za ta bincika. Sai ta shiga ba ni labarin masu tausa, da mai kawo karin kumallo a kwalekwale. Na ce ban karye ba, a bar tausar.

Na cusa guduma da 'yan ƙusoshi a ƙasan akwati. Tsohuwa ba ta gani ba.

Laraba, 7 ga Mayu

Takwara ya tsaya! Uwarsa, Auta, ta kawo shi da safe kamar kullum kafin ta wuce aiki, ya kama ƙafar teburin da na yi, ya miƙe, ya saki hannu. Ya dube ni kamar yana bina bashi, sannan ya zauna daɓas. Tsohuwa ta ce, "Angona ya kusa tafiya, kai kuwa ka kusa ajiyewa." Na ce ai teburina ne ya ɗaga shi.

Saura ƙiris ya fara tafiya. Da ya fara ta-ta-ta ina wurin, in sha Allahu. 'Ya'yana duk ina shago suka fara tafiya, labari kawai nake ji da yamma. Wannan kam ba mai ba ni labari.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na sake kiran yarinyar ofishin. Wai otal ɗin ba sa karɓar yara, don kada a dami masu hutawa. Na ce yaron nan bai kai ƙunshin ƙusa nauyi ba. Ta yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Batun iccen kuma tana nan tana bincike.

Lahadi, 11 ga Mayu

Likita ya auna ni ya ce, "Baba, matsalarka ɗaya, ba ka iya hutu ba. Naka hutun jaki ne da kaya a ka." Wannan magana ta tsaya mini. Wanda ya koyi baƙi yana da furfura, kwanciya ce za ta gagare shi? Ba zan je gaban mutane in yi abin kunya ba. Na duba hoton, na ga masu hutun a kan wata doguwar kujera mai jingina suke. Na shiga shago na yi irinta, ta fi tasu ma ƙwari. Gobe zan fara koyo.

Litinin, 12 ga Mayu

Na kwanta a tsakar gida da gajeren wando da baƙin tabarau, kamar mutumin hoton. Kafin shayina ya huce ƙyauren kicin ya yi ƙara. Na tashi na gyara. Daga nan na ga ƙafar benci.

Laraba, 14 ga Mayu

Abin da ya faru yau, ko a ajin yamma ba a koya mana yadda ake rubuta shi ba.

Na daure na kwanta da rana tsaka, na hana kaina motsi. Mai ruwa ya shigo, ya gan ni, ya juye ruwansa a hankali ya fita ba sallama. Kafin la'asar gida ya cika. Mata da kwanuka, maza da ayaba da lemo. A unguwar nan ba wanda ya taɓa ganina a kwance rana tana sama.

Mai Faci ya durƙusa kusa da kunnena yana magana da ƙarfi: "Kafinta, ka gane ni? An ce har idon ya tafi." Na ce hutu nake koyo. Ya waiwaya ya ce wa jama'a, "Ya fara sambatu." Tela kuwa ya kama hannuna, idonsa ya kawo ruwa, wai ya yafe mini maganar teburin ɗinkinsa da ya ce na yi masa a karkace. Na tashi zaune na ce teburin daidai yake, daɓen shagonsa ne a karkace. Nan suka yarda ina da sauran kwana.

Tsohuwa tana bayan labule tana dariya har da tari. Ayabar dai mun ci, ni da Takwara.

Asabar, 17 ga Mayu

Na yi wa Takwara keken koyon tafiya, mai ƙafa uku. Yana tura shi har bango, in na janye sai ya zauna. Na nuna masa biskit daga nesa, ya rarrafo ya karɓa. Auta ta ce, "Baba, ka bar shi, kai da ka yi shekara hamsin kafin ka shiga aji ɗaya." Yaran yanzu.

Na ƙirga a kalanda. In bai taka ba kafin mu tashi, zai taka ina can ina kallon kifi.

Talata, 20 ga Mayu

Na ce wa Tsohuwa gwiwata tana damuna, ƙila a ɗaga tafiyar nan. Tana ninke wata sabuwar atamfa da ta ɗinka, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wace gwiwar? Wadda kake rarrafe da ita kana bin jaririn mutane?"

Na shafa gwiwar. Can ta ce, "Tun da na shigo gidan nan ban taɓa zama an kawo mini abinci ba sai in ina jinya. Ina so in ga yadda yake da lafiyata. Amma in gwiwa ce, to gwiwa ce." Ta mayar da atamfar cikin sif maimakon akwati.

Ban ji daɗin abincin rana ba.

Laraba, 21 ga Mayu

Ban ce a fasa ba. Ban ce a tafi ba. Takwara ma bai ce komai ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Barci ɓarawo ne, yau na yarda.

Tun safe nake fama da yaron nan, ta-ta-ta, ta-ta-ta, har muryata ta dushe. Ya ƙi. Na ce to a huta, na jingina a kujerar, na ɗora malafa a fuska don rana. Iska tana kaɗawa. Ƙyaure ya yi ƙara, na ji shi sarai, na ce ya yi ta yi. Ban san sanda na tafi ba. Hutun da na yi kwana da kwanaki ina nema, yau ya zo da kansa.

Sai ji na yi an fizge malafar, an damƙi gemuna. Na buɗe ido, ga Takwara a tsaye a gefena, ga kekensa can bakin ɗaki. Tsohuwa da Auta, wadda ta dawo daga aiki, sun toshe baki da hannu.

Na ce, "Wa ya kawo shi nan?" Auta ta ce, "Ƙafarsa."

Na ce don me ba su tashe ni ba? Tsohuwa ta ce, "Ai shi ya tafi tashinka. Biskit bai ja shi ba, keke bai ja shi ba, sai da ya ga ka yi shiru ya je duba lafiya, kamar sauran 'yan unguwa."

Na ce ya sake in gani. Ya zauna daɓas yana cin bakin malafar. Wannan ma labari na ji, kamar na uwarsa. Sai dai a wannan labarin wurina aka nufo.

Lahadi, 25 ga Mayu

Gobe da safe Likita zai kai mu filin jirgi. Takwara yanzu ba ya zama, jiya har kicin ya bi kakarsa ya kifar da kwano. Na gani da idona, na gani har na gaji.

Na ɗauko atamfar daga sif na saka a akwati. Wuri ya yi kaɗan, sai na ciro gudumar da ƙusoshin, ba don komai ba, nauyi ne. Tsohuwa ta ce tun ranar da na saka ta gani.

Yarinyar ofishin ta kira, wai ta gano sunan iccen. Na ce ta bar shi, in ya ɗauki wasu zai ɗauke mu. Na ce kuma batun tausar nan, a rubuta mutum biyu, saboda gwiwa.

Tef ɗin awo dai yana aljihuna. Mutum ba ya tafiya tsirara.