Rigunan da Na Yi Ta Ƙara wa Faɗi

Zuwa ga Yayata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki da ta daɗe ba ta sa ki a ido ba. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, da kuma Mama da take wurinku. Allah ya ƙara mata sauƙin gwiwar nan, ya ba ku ladan ɗawainiyar da kuke yi da ita. Mu nan sai godiya. Ƙanin naki, wato maigidana, yana nan yana fama da motar hayarsa, wadda har yau sai an lallashe ta take tashi da safe. Gwaggo ta warke daga murar da ta kwantar da ita, har ta koma faɗa da 'yan hayarta a kan shanya, kin ga kuwa lafiya ta samu. Auta ta fara aiki a kantin magani, yanzu ko atishawa ka yi a gabanta sai ta faɗa maka sunan ciwonka.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya, har na koma rubutu kamar mutanen da. Na ɗauki wayar ba sau ɗaya ba, amma na san muryata ba za ta kai ni ƙarshen maganar ba. Yaya, ina da ciki, har ya shiga wata na shida. Na san ki sarai: za ki fara da murna, sai ki ƙirga watannin da yatsa, sai ranki ya ɓaci cewa duk hirar da muke yi ban taɓa faɗa miki ba. Kina da gaskiya, amma ki karanta zuwa ƙarshe kafin ki yanke min hukunci. Ban da maigida da ma'aikatan asibiti, babu wanda ya sani sai cikin makon nan.

Ba sai na tuna miki abin da ya faru shekara biyu da suka wuce ba, tunda ke kika tsaya a kaina. Wancan cikin tun yana ɗan ƙarami na cika duniya da labarinsa, kowa ya taya ni murna, sannan yaron ya zo babu rai, kowa ya dawo ya yi min ta'aziyya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da na gane na sake samu, sai na ce wa kaina wannan karon bakina alaikum, idan ma wani abu ya faru ba sai na kalli idon kowa ba. Na sa maigida ya yi min alkawarin yin shiru, kuma kin san wannan ba ƙaramar azaba ba ce ga mutumin da ko sabon takalmi ya saya sai fasinjojinsa sun ji.

To, da wata ce, da tuni cikin ya tona mata asiri. Amma ni tela ce, kuma dama hannuna ya saba barin rarar yadi a cikin ɗinki. Duk bayan 'yan kwanaki sai in warware gefen rigata, in ƙara mata faɗin ɗan yatsa, in mayar, in danne da dutsen guga har sawun allura ya ɓace. Da rarar ta ƙare sai na koma sa ƙari a ƙarƙashin hammata, na ɗaga tattarar zuwa ƙasan ƙirji, na kuma faɗaɗa kafaɗa don jikin ya tafi daidai, a ɗauka ƙiba ce kawai. Mu mata ne zalla a shagon, kowacce idonta ya san awo, amma babu wadda ta gane. Sai tsokanata suke yi wai direba ya fara kiwo da kyau. Ni kuma in yi dariya, har da jin daɗin na iya aiki, ban san ramin kaina nake haƙawa ba.

Laulayin farko ya wuce, na ɗauka na huta, ashe wani sabon salo ne zai shigo. Ƙwannafi ya sa ni gaba, ko ruwa na sha sai in ji ƙirjina kamar an manta dutsen guga a kai. Ƙuguna yana riƙewa idan na daɗe a zaune, fatar cikina tana ƙaiƙayi ba damar sosawa a gaban mutane, jijiyar ƙafa kuma ta ɗaure min ina tsakar taka keke, sai in sunkuya in yi kamar allura ce ta faɗi nake nema. Fitsari kuwa ba a magana, har wata abokiyar aikina ta ce ko in mayar da kekena bakin banɗaki in huta da zirga-zirga. Duk waɗannan ungozomar asibiti ta ce min abin da aka saba gani ne, ta koya min cin abinci kaɗan-kaɗan, da kwanciya ta gefen hagu da matashi tsakanin gwiwoyi, da miƙe ƙafa idan ta ɗaure. Awon ma a ɓoye nake zuwa, in ce wa uwar shago na tafi neman zare kalar da ba mu da ita.

Ana nan sai aka kawo mana aikin labulen wani ɗakin taro, yadi mai kauri da nauyi, irin wanda sai ka miƙe ka jawo shi ka tattaro kafin ka koma ka taka. Uwar shago ta duba mu duka ta ce ni ce na fi kowa ƙarfi yanzu, tunda ga shi na yi jiki. Yaya, a nan ya kamata in buɗe baki. Amma idan na ce ba zan iya ba sai an tambaye ni dalili, don haka na karɓa. Na wuni a kan keke kwana da kwanaki, har ranar awona ta zo ta wuce ban je ba saboda masu aikin suna matsa mana. Ƙafata ta kumbura har silifa tana barin sawu a kai, na ce ai an ce masu ciki suna kumburi. Sai babban yatsana ya fara maƙalewa a zoben almakashi. Sai ciwon kai da ba ya jin magani. Ranar da na ɗaga allura zan zura zare na ga wasu ƙananan taurari suna yawo a gabana, na kasa samun ƙofar allurar da nake zurawa ko ba na kallo, gabana ya faɗi, amma duk da haka na yi shiru.

Washegari da safe maigida ya ɗauke ni zai sauke ni a shago kamar kullum. Ya yi ta kallona ta madubi, sai na ga ya wuce kwanar shagonmu bai tsaya ba. Na yi masa magana, ya ce fuskata ta kumbura, ba irin wadda ya kwana da ita ba ce, kuma alkawarin shiru ya yi min, bai yi min alkawarin zuba ido ba. Tunda muka yi aure ban taɓa jin ya yi min magana da wannan muryar ba. A asibiti ungozoma ta auna jinina, ta sake aunawa, sannan ta kira likita. Jinin ya hau. Suka kwantar da ni, suka ɗora na'urar nan a cikina, kuma kafin sautin ya fito na ji kamar an mayar da ni wancan ɗakin da kika sani. Sai ga bugun zuciya, da sauri da ƙarfi, kamar keken ɗinki a hannun mai gaggawa. Na yi kukan da na riƙe tun ranar da na san da cikin.

Ungozomar dattijuwa ce mai faɗar gaskiya ba tare da ta ƙona ka ba. Ta ce kumburin ƙafa da yamma daban, kumburin fuska da hannu tare da ciwon kai da ganin taurari daban, kuma wannan na biyun ba a kwana da shi a gida. Da na ba ta labarin rigunan, sai ta ce sanin da mutane suka yi ba shi ya ɗauke min na farko ba, amma rashin saninsu ya kusa taɓa min na biyu, don wanda bai san kana ɗauke da kaya ba ba zai taya ka saukewa ba. Sun ba ni magani, sun ce in riƙa zuwa awo kowane mako, in bar aiki mai nauyi, kuma duk lokacin da alamun nan suka dawo, ko na ji motsin yaron ya ragu, in taho ba jira.

Da aka sallame ni ban wuce gida ba, na ce a kai ni shago. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tsaya a tsakiyar shagon, a gaban kowa, na faɗa da bakina. Uwar shago ta ajiye aikin hannunta. Ta taso, ta kama gefen rigata ta juya cikinta, ta bi ɗinkin da yatsa har ƙarƙashin hammata, ta ce a shekarunta na tela ba ta taɓa ganin gyara mai tsabta irin wannan ba, kuma ba ta taɓa ganin wauta irin wannan ba. Sai idonta ya kawo ruwa. Ta ce na mayar da ita azzaluma ba da saninta ba, na sa ta ɗora wa mai ciki labulen da ko ƙato sai ya yi nishi, kuma da wani abu ya faru da wane ido za ta kalli Mama. Wannan maganar ta fi faɗan likita shiga jikina, don ban taɓa tunanin shiruna zai zama nauyi a wuyan wani ba.

Yanzu na sauka daga kan keke sai bayan na haihu. Sun ajiye min kujera kusa da taga da ɗan benci na ɗora ƙafa, ina yin kalmasa da sa maɓalli da hannu, rabin wuni kawai, kuma idan na miƙa hannu wajen dutsen guga sai in ji an buge min shi. Riga kuma na daina yi mata dabara. Na ɗinka sabuwa irin ta masu ciki sosai, wadda daga nesa za a gane, na sa ta na bi layinmu a ƙafa a hankali. Duk wadda ta ce min Allah ya raba lafiya na tsaya na amsa da amin. Tsoron bai tafi ba, Yaya, ba zan yi miki ƙarya ba. Kullum da shi nake tashi. Amma na gama ba shi wuƙa da nama.

Shiri ma mun fara. Maigida ya janye akwatunan da ke gefen gado don a sami wurin shimfiɗar jariri, ya gyara tagar da ba ta rufuwa, ya sayo gidan sauro da baho. Ya kuma yi magana da wani abokin aikinsa mai mota mai lafiya, don ni na ce ba zan dogara da wadda sai an tura ba ranar da naƙuda ta zo. Ni kuma shekaranjiya na shimfiɗa wani farin yadi mai laushi, na daɗe almakashi yana hannuna ban yanka ba, sannan na yi bismillah na yanka 'yar riga. Ɗinkinta a ciki duk na kwantar da shi don kada ya goge masa fata.

Wannan ya kawo ni ga roƙona. Jakar kayan jaririn da na ɗinka wancan karon, wadda kika tafi da ita don kada in riƙa gani, na san tana nan wurinki ba ki taɓa buɗewa ba. Kada ki dawo min da ita. Waɗannan na wanda muka rasa ne, wannan kuma zan yi masa nasa. Ki buɗe, ki wanke, ki shanya, ki ba wata mai jego da ba ta da hali, Allah ya kai ladan inda ya dace. Mama kuwa ni zan faɗa mata da kaina a waya ranar da kika ce min takardar nan ta iso, sai dai ina so ki kasance zaune kusa da ita lokacin, don kin san yadda ta ɗauki wancan rashin.

Ki gaishe min da maigidanki, ki ce ina godiya da haƙurinsa da danginmu. Ki gaishe da Babba da Mai Rigima da 'yar lelena Ƙaramar Mama, ki ce musu suna da ƙani ko ƙanwa a hanya, su fara koyon rabon abin hannunsu. Ki gaishe da surukarki da maƙwabciyar nan taki mai yawan addu'a, ki ce ta sa ni a ciki. Gwaggo da Auta suna gaishe ku, ƙanin naki ma yana gaisuwa, ya ce a faɗa miki shi dai ba laifinsa ba ne.

Idan wata na tara ya kama, ina so ki zo, ki nemi hutun tun yanzu. Kada ki wahalar da kanki da tsaraba, hannuwanki biyu kawai nake so. Wancan karon jaka kika rungumo muka fito daga asibiti. Wannan karon, da yardar Allah, mutum za ki rungumo.

Taki har kullum,
Ƙanwarki tela