Ta'aziyyar Sabiru Isyaku, Wanda Ya Sauka Rijiyar Unguwar Kanya

Cikin alhini, da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, da kuma wani tsoro da ba mu saba rubutawa a takarda ba, Ƙungiyar Tsofaffin Masu Kaki ta Ƙasar Daura, mai shirya matasa domin shiga aikin soja da na kwana-kwana da sauran ayyukan ceto, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Manjo Sha'aban Dutsi mai ritaya, ta samu labarin rasuwar ɗanta kuma ɗalibinta, jami'in kashe gobara Malam Sabiru Isyaku Babban Mutum, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Laraba bayan sallar Azahar, a cikin wata rijiya da ke ƙauyen Unguwar Kanya, yana da shekara ashirin da bakwai a duniya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Irin wannan saƙo kan fita ne kafin addu'ar uku, namu kuwa ya wuce ta bakwai, don haka muna neman afuwar iyalai da jama'a. Dalilai biyu ne suka tsayar da mu. Na farko, kwamitin zartarwa ya cinye zama guda cur a kan kalmar tsoro, domin wasu daga cikin manyanmu suna ganin wanda ya yi shekara talatin da biyar cikin kaki bai kamata ya sa hannu a takardar da ke ɗauke da ita ba. An nemi wata kalmar har la'asar, ba a samu ba. Na biyu, kuma shi ne dalilin gaskiya, marigayin ya bar ƙanwa, Malama Mardiyya Isyaku, wadda ita ma ɗalibarmu ce, sunanta ya fito cikin waɗanda za a tantance ranar Talata mai zuwa domin shiga ɓangaren jinya na aikin soja. Takardar amincewar iyaye, wadda ba a karɓar kowa sai da ita, tana hannunmu da dangwalen mahaifiyarsu, Hajiya Maijidda, kasancewar mahaifinsu ya daɗe da rasuwa. Ranar addu'ar uku Hajiya ta ce a mayar mata da takardarta. Ba mu ga dacewar mu yi wa duniya ta'aziyya ba, alhali ba mu san abin da za mu ce wa uwar mamacin ba.

Marigayi Sabiru ya zo mana shekara shida da suka wuce da niyyar zama soja, kamar yadda tara cikin goma na samarin da ke zuwa filinmu suke zuwa, wato sun riga sun ga hotonsu cikin kaki a jikin bangon ɗakin mahaifiyarsu. Ya yi gudu, ya yi fareti, ya haddace duk abin da aka ba shi, sannan a wajen tantancewa aka tsayar da shi jikin ma'auni aka ce tsawonsa ya gaza da faɗin yatsa biyu. Ya dawo ya yi mako guda ba ya cin abinci sosai. Mai horar da ɗalibanmu, Saje Mati mai ritaya, shi ne ya bi shi har garinsu, Babban Mutum, ya shaida masa cewa wuta ba ta auna tsawon mai kashe ta. Da haka ya shiga aikin kwana-kwana, ya kuma yi shekara huɗu a cikinsa ba tare da an taɓa kawo mana ƙararsa ba.

A cikin waɗannan shekaru yana cikin waɗanda suka tare gobarar rumfunan hatsi kafin ta ci kasuwa, ya fito da tsohuwa daga ɗakin da ruwan Agusta ya rushe, ya kuma shiga rijiyoyi fiye da yadda shi kansa yake iya tunawa. Mafi yawan waɗanda ya fito da su daga rijiya awaki ne, kuma bai taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Ya kan ce wa Saje Mati, “Baba Saje, akuya ta fi mutum daɗin ceto, ba ta tambayarka me ya sa ka makara.” Duk ranar Asabar da ba ya bakin aiki yakan zo filinmu ya koya wa sababbi ɗaurin igiya, kuma shi ne ya kawo mana Mardiyya da kansa bayan ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ya ce tunda shi an ce bai kai ba, ga wadda ta fi shi tsawo.

Game da yadda abin ya faru, ƙungiya ta ga wajibi ne ta faɗe shi dalla-dalla, domin labarai sun yi yawa a gari. Ranar Laraba marigayin yana hutu a gida. A Unguwar Kanya ana yasar wata tsohuwar rijiya mai zurfin gaba goma sha huɗu, kuma saboda tiyo bai kai ƙasa ba, sai aka zura injin jawo ruwa cikin rijiyar aka tayar da shi a can. Mai yasar, Malam Kalilu, ya sauka, ya ɗan yi aiki, sai aka daina jin motsinsa. Mutanen gari suka jawo injin, suka kira motar kwana-kwana, wani kuma ya hau babur ya ɗauko Sabiru, don shi ne mafi kusa. Kafin ya iso, dattawan wurin sun tuna abin da iyayensu ke yi in rijiya ta riƙe mutum: a ɗaura fitila a igiya a zura, in ta mutu iskar ciki ta lalace, in ta ci to da sauran numfashi. Aka aika gida-gida neman fitila. A duk ƙauyen babu mai fitilar ƙwai ko ta aci-bal-bal, domin an yi shekaru rabon mutane da sayen kananzir. Aka kawo fitilar caji, aka kunna, aka zura. Sun cika al'ada kamar yadda suka gada, kuma ba mu ɗora wa kowa laifi a cikinsu ba.

Da Sabiru ya iso ya leƙa, ya ga haske a ƙasa. Daga bakin rijiya mai wannan zurfi, da rana tsaka, haske dai haske ne. Waɗanda ke wurin sun ce ya tuɓe takalmansa, ya ce, “Tana ci. Ku riƙe da kyau, in na ja sau biyu ku jawo.” Ya sauka, ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura wa Malam Kalilu a ƙarƙashin hammata, ya ja sau biyu. Aka jawo Malam Kalilu, wanda yanzu haka yana gidansa da rai. Aka sake zura igiyar, ta sauka, ba wanda ya kama ta. Abokan aikinsa da suka iso da tukunyar iskar shaƙa su ne suka fito da shi, fitilar kuwa tana nan tana haske.

A nan ne tsoron da muka ambata ya shigo. Sabiru bai ɗauko wannan ƙa'ida daga dattawan ƙauye ba, a filinmu ya fara jin ta. Shekara goma sha ɗaya ɗalibanmu suna rera ta da safe a cikin sahu: kafin ƙafa fitila, ta ci ka sauka, ta mutu ka zauna. Mun koya musu ita da murya mai ƙarfi, har ta zauna a ƙasan duk wani horo da suka samu daga baya, amma ba mu taɓa tsayawa mun ce musu harshen wuta ake dubawa ba, don shi ma numfashi yake kamar mutum. Mun ɗauka kowa ya sani, saboda mu da fitilar kananzir muka yi karatu. Wani likita da muka tuntuɓa ya ƙara mana da abin da ya fi wannan muni: hayaƙin inji yana iya kashe mutum alhali fitilar kananzir ɗin ma tana ci. Wato ko da an samu fitilar da ta dace, ƙa'idar tamu ba ta isa a rataya rai a jikinta ba. Matasa sama da ɗari da arba'in ne suka bi ta hannunmu, suna barikoki da tashoshin kwana-kwana daga nan har kudu, kowannensu yana ɗauke da abin da muka zuba masa. Tun ranar Laraba, duk lokacin da wayar Shugaba ta yi ƙara a wajen taro, sai kowa ya zuba masa ido.

Saboda haka ƙungiya tana sanar da dukkan tsofaffin ɗalibanta, da masu yasar rijiya, da masu unguwanni, cewa ta janye wannan ƙa'ida gaba ɗaya. Kada a zura inji cikin rijiya a tayar. Kada kowa ya bi wanda rijiya ta riƙe, komai kusancinsa da shi, sai da tukunyar iska da igiya biyu. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba.

Mun kai wa Hajiya Maijidda takardarta kamar yadda ta nema, mu huɗu, kowa da hularsa ta manya. Ta karɓa, ta yaga ta gida biyu ba tare da fushi ba, sannan ta ce wa Shugaba, “Alhaji, ni ban yi boko ba. Amma ko tuwo zan koya wa yarinya, nakan gaya mata abin da ya sa ake rufe tukunya. Wancan ya tafi da abin da kuka ba shi. Ita wannan me kuka ba ta?” Ta ce a kawo mata wanda ya koyar, da littafin da yake koyarwa da shi.

Kwana biyu Saje Mati, mutumin da ya yi shekara arba'in yana yi wa ƙarti tsawa, ya yi a kan tabarma a tsakar gidanta, yana karanto ƙa'idojinmu ɗaya bayan ɗaya, ita kuma bayan kowace tana cewa, “Don me?” Wasu ya amsa nan take, kamar hana zuba ruwa a wutar fetur. Wasu sai da Mardiyya ta ƙarasa masa. Da aka zo kan sa cokali a bakin mai farfaɗiya, Mardiyya ta sunkuyar da kai ta ce a makarantarsu an hana wannan, yana karya haƙori, yana toshe numfashi. Saje ya ce, “To ke da kika sani, me ya hana ki faɗa tun bara?” Ta ce, “Baba Saje, wa zai ɗaga hannu ya gyara maka a cikin sahu?” Cikin ƙa'idoji arba'in da ɗaya, tara ba su da wani dalili sai cewa haka aka koya mana a bariki. An soke su da jan biro a gabanta.

Da aka kai ƙarshen littafin, Shugaba ya ajiye sabuwar takardar amincewa a gefen tabarma kawai, domin mun yanke shawarar ba za mu roƙe ta ba. Hajiya ta ce a kawo tawada. Ta dubi 'yarta ta ce, “Ke, duk wanda ya ce ki shiga rami, ki tambaye shi don me.” Saje Mati, wanda ya ga ba zai ƙara ɓoye wani abu a cikinsa ba, ya ce, “Hajiya, gaskiya a can ba a tambaya. Kurtu in ya ce don me, rana zai yini a cikinta.” Ta tsoma yatsanta a tawada. Sannan ta ce, “Na sani, Saje. Shi ya sa na yi mata tambayoyin a nan.” Ta dangwala.

A madadin Shugaba, da kwamitin amintattu, da dukkan membobi, ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga Hajiya Maijidda Isyaku, da Malama Mardiyya, da dangin marigayin na Babban Mutum da na cikin birnin Daura, da abokan aikinsa 'yan kwana-kwana, da Hakimi da Dagaci da Limamai da suka tsaya a kan jana'izarsa, da Malam Kalilu, wanda muke roƙon jama'a su daina yi masa kallon da suke yi masa. Allah Ya jiƙan Sabiru, Ya karɓi shahadarsa, Ya yalwata makwancinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba mahaifiyarsa haƙurin wanda ya tafi, da juriyar wadda za ta tafi.

Ba za mu ɓoye ba, da Hajiya ta hana, da hankalinmu ya fi kwanciya. Motar Katsina, inda za a yi tantancewar, za ta tashi ranar Talata da hantsi. Muna roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa ya sa Mardiyya cikin addu'a, ya sa mu ma, domin mu ne za mu raka ta tasha, kuma har zuwa lokacin sa hannu kwamiti bai samu wanda ya yarda ya tsaya kusa da mahaifiyarta in motar ta juya ba.

Sa hannu:
Malam Mainasara Musaddiƙ Kusugu
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakaki,
Ƙungiyar Tsofaffin Masu Kaki ta Ƙasar Daura